Duwatsun Jos: yadda ja da tsagewar ƙasa suka dafa giranait mai kuza

Duk wanda ya tashi a Bukur ko Barikin Ladi ya san kuza da ido tun kafin ya iya karatu. Ina yaro nakan tsuguna a bakin rafi ina kallon masu wanki suna juya yashi a kwano, farin ya bi ruwa, baƙin mai nauyi ya kwanta a gindi. Wata rana na tambayi wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi aikin kuza tun zamanin kamfani: "Baba, wannan baƙin yashin daga ina yake fitowa?" Sai ya ɗaga haɓa wajen duwatsu ya ce, "Daga can ruwa ke sauko da shi, ɗana. Amma fa ba kowane dutse ne ke haihuwarsa ba." Sai da na shiga karatun ilimin duwatsu na tarar cewa ƙarshen maganar nan tasa shi ne abin da masana suka shafe fiye da shekara 100 suna bin diddiginsa.

Matafiyin da ya baro Abuja ya bi ta Akwanga ya hau Filato zai ga giranait a farkon tafiyarsa, ya kuma gan shi a ƙarshenta. Shi ne dutsen nan mai manyan ƙwayoyi, fari da jaja-jaja da ɗigon baƙi, wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini. A wurin magini duk ɗaya ne. A wurin shekaru kuwa, tazarar da ke tsakaninsu ta fi ƙarfin lissafin kaka da jika. Yawancin giranait ɗin kewayen Abuja ya kai shekara miliyan 600 ko kusa da haka, na Jos da Bukur kuma bai wuce miliyan 160 da 'yan kai ba. Wani Bature mai suna J. D. Falconer ne ya fara raba su a littafinsa na 1911, ya kira na farko tsoho, na biyu sabo. Ba shi da na'urar auna shekarun dutse a lokacin. Abin da ya lura da shi kawai shi ne na biyun ya keta na farkon ya ratsa shi, kuma abin da ya keta wani ai bayansa ya zo.

Kafin a gane bambancin, sai an gyara wata fahimta da ta yaɗu. Mutane da yawa suna ɗauka cewa da an huda ƙasa da nisa za a tarar da tafkin wuta. Duniya ta fi kama da mangwaro: ɓawo, tsoka, ƙwallo. Ɓawon da nahiyoyi suke kai kaurinsa kilomita 35 zuwa 40 ne. Tsokar da ke ƙarƙashinsa dutse ce daskararriya, mai tsananin zafi, tana motsi a hankali kamar kwalta a rana, amma nauyin abin da ke samanta ya danne ta ya hana ta narkewa. Saboda haka duk inda aka ga narkakken dutse, akwai dalilin da ya narkar da shi.

Dalilin da aka fi sani shi ne karo. Inda farantan ɓawon ƙasa biyu suka haɗu, ɗaya ya kutsa ƙarƙashin ɗaya, yakan tafi da ruwa a jikinsa, ruwa kuwa yana sauƙaƙa wa dutse narkewa ƙwarai. Giranait mai ruwa yana iya narkewa a zafin digiri 650 zuwa 750. Haka aka haifi tsohon giranait ɗinmu, lokacin da tsoffin guntayen nahiyoyi suka yi karo suka haɗa Afirka, duwatsu masu tsayi suka tashi a nan inda muke. A 1974 wasu masana biyu a Ostareliya, Chappell da White, suka raba irin wannan giranait gida biyu bisa abin da aka narkar: wanda uwarsa tsohon dutsen wuta ce, da wanda uwarsa laka da yashi ce. Sai aka ga akwai wani iri da ya ƙi shiga ko ɗaya. A 1979 Loiselle da Wones a Amurka suka sa masa harafin A, domin siffofinsa uku a Turanci duk da harafin suka fara: ba a wurin karo aka haife shi ba, sinadaran alkali irin na kanwa da toka sun yi masa yawa, kuma ruwansa kaɗan ne. Sabon giranait na Jos yana cikin misalan da ake koyar da wannan iri da su a jami'o'in duniya.

To in babu karo, kuma babu ruwa, me ya narkar da dutse? Ja. Idan aka ja nahiya ta gefe biyu, sai ta yi siriri a tsakiya kamar kwaɓin fulawa, ta fara tsagewa. Tsokar da ke ƙasa sai ta taso don cike gurbin, da zafinta, amma nauyin da ke danne ta ya ragu. Kowane direba ya san abin da ke faruwa in aka buɗe murfin lagireto mota na da zafi: ruwan da yake kwance lafiya sai ya tafasa nan take, alhali ba a ƙara masa wuta ba, dannewar kawai aka cire. Haka wani kaso na tsokar ƙasa yake narkewa, ya ba da baƙin dutsen nan da ake kira basal, mai zafin kusan digiri 1,200. Ana ganin wannan a yau a gabashin Afirka. A watan Satumba na 2005, a yankin Afar na Habasha, narkakken dutse ya kutsa wata tsaga mai tsawon kusan kilomita 60 cikin 'yan makonni, ƙasa ta buɗe da mitoci a wasu wurare.

Nan ne gardamar take. Basal baƙi ne, silikarsa, wato sinadarin farin yashi, kusan kashi 50 cikin 100, cike da maganiziyam da kalsiyam. Giranait ɗin Jos fari ne, silikarsa ta haura kashi 70, maganiziyam ɗinsa bai taka kara ya karya ba. Yaya aka yi baƙi ya haifi fari?

Amsa ta farko duk matar da ta ajiye manja a Jos cikin hunturu ta san ta. In sanyi ya kama, wani sashe na man yakan yi barci ya kwanta a gindin kwalba, wani ya tsaya a sama tsararo. Wanda ya daskare da wanda ya rage ba iri ɗaya ba ne, ko da yake daga galan ɗaya aka zubo su. Narkakken basal da ya maƙale a ƙarƙashin ɓawo haka yake yi. Ƙwayoyin da suka fara daskarewa suna kwashe maganiziyam da kalsiyam su nutse da su. Abin da ya rage sai ya yi ta ƙara silika, da sodiyam irin na kanwa da gishiri, da fotasiyam irin na ruwan toka. In kashi 90 cikin 100 ko fiye ya daskare, ragowar ta zama giranait. Masu suka suna tambaya: ina tulin baƙin dutsen da ya kwanta? A Filato irin wannan dutsen kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da giranait. Masu kare ra'ayin kuma suna cewa abu mai nauyi ba ya hawa sama, yana can zurfi inda ido bai kai ba.

Amsa ta biyu ta ce basal wuta ce kawai, abin dafawar shi ne gindin ɓawon nahiya. Wannan gindin an riga an dafa shi sau ɗaya a zamanin karo, ruwansa ya tafi da tsohon giranait, abin da ya saura ƙanzo ne. Ƙanzo ba ya narkewa sai da wuta mai ƙarfi, in kuwa ya narke zai fito da zafi, busasshe, ɗauke da wani sinadari mai suna fulorin da ya maƙale a ciki. Bayanin yana da daɗin ji, kuma ya dace da zafin da aka auna a irin wannan giranait, digiri 800 zuwa 900 har fiye. Rauninsa shi ne ƙanzon da aka riga aka tatse bai kamata ya ba da fotasiyam da silika masu yawa haka ba.

Abin da ya fi taimakawa wajen raba gardama shi ne abin da ake kira aisotof, wato sinadari ɗaya mai nauyi iri-iri. Narkewa da daskarewa ba sa canja rabon waɗannan nau'o'in, don haka suna zama kamar tsagen gado a fuskar dutse. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da aka auna sitirontiyam da niyodimiyam da dalma a duwatsun Najeriya, sai aka ga tsage biyu a fuska ɗaya: akwai na tsokar ƙasa, akwai na tsohon ɓawo, kuma rabon ya bambanta daga wannan dutse zuwa wancan. A 1992 Nelson Eby ya raba nau'in A gida biyu ta hanyar gwada yawan itiriyam da niyobiyam. Inda rabon bai kai 1.2 ba, dutsen ya fi kama da 'ya'yan tsokar ƙasa, kuma a nan na Najeriya suka fi faɗawa. A nawa ganin, wanda ya nace sai ɗaya daga cikin amsoshin biyu yana tauye wa kansa fahimta. Narkakken dutse mai zafin digiri 1,200 ba zai ratsa kilomita 35 na tsohon ɓawo ya fito bai lasa ba. Asalin daga ƙasa ne, an tace shi irin tacewar manja, ya kuma haɗiyi abin da ya haɗiya a hanya.

Akwai wani abu da nake ganin ana saurin tsallakewa a aji, kuma bai kamata ba. Jos ba kwarin tsagewa ba ce irin na Habasha ko Kenya. Kwarin tsagewa na gaske a ƙasar nan shi ne na Binuwai, wanda ya buɗe lokacin da Kudancin Amurka ke rabuwa da Afirka, sannan ya tsaya bai zama teku ba. Duwatsun Jos sun girme shi da miliyoyin shekaru. Sannan ga wani abin mamaki. Irin waɗannan duwatsu sun jeru daga Azbin, arewa da Agadas, suka biyo ta Damagaram, suka shigo Najeriya, tsawon fiye da kilomita 1,000, kuma shekarunsu na raguwa in ana yin kudu. Na Azbin sun haura miliyan 400, na Damagaram wajen miliyan 300, na Dutse a Jigawa miliyan 213, na Afu a Nasarawa miliyan 141. Wasu sun ce wata matattarar zafi ce a zurfin ƙasa, nahiya na wucewa a kanta tana ƙonewa, kamar yadda tsibiran Hawai suka jeru. Lissafin bai zauna sosai ba. Tafiyar ba ta kai santimita ɗaya a shekara ba, akwai dogayen hutu a tsakani, kuma a cikin wannan zamani Afirka ta yi yawo mai nisa, har Sahara ta taɓa zama a ƙuryar kudancin duniya cikin ƙanƙara. Da wuya irin wannan yawo ya bar layi miƙaƙƙe haka.

Bayanin da ya fi gamsar da ni shi ne na tsoffin tabbai. Karon shekara miliyan 600 ya bar manyan tsagogi masu zurfi a ɓawon wannan yanki. Duk lokacin da nahiya ta sha ja ko murɗa daga nesa, sai wani tabon ya ɗan buɗe, dannewa ta ragu a ƙarƙashinsa, tsoka ta narke kaɗan. Zamanin duwatsun Najeriya ya zo daidai da lokacin da babbar nahiyar da ta haɗa duniya ta fara wargajewa. Ke nan ja ne ya haife su, amma jan da ya tsaya a tsattsagewa bai kai ga yagewa ba. 'Yan uwansu na inda yagewar ta fi bayyana suna nan a Oslo ta Norwe, da kudancin Girinlan, da Namibiya inda dutsen Brandberg ya taso gab da buɗewar tekun Atilantika ta kudu.

Waɗannan duwatsu ba a zurfi suka daskare ba. Sun hau har kusa da fuskar ƙasa, wasu suka fashe suka yi aman wuta. Da rumbun narkakken dutsen ya ragu, sai rufinsa ya tsage a zagaye ya rufta ciki kamar murfin da ya faɗa tukunya, sabon narkakken dutse ya biyo ta tsagar ya daskare a siffar zobe. Shi ya sa in aka dubi taswira ko hoton tauraron ɗan Adam ake ganin duwatsun a zagaye, zobe cikin zobe. Akwai irinsu fiye da 50 a Najeriya. A Riruwai da Ningi har yanzu ana ganin tokar aman wutar da ta zama dutse. A Jos zaizaya ta cinye saman, mu a cikin tukunyar muke zaune. Tsaunin Shere mai tsayin mita 1,829 ragowar cikin wani dutsen wuta ne da ya mutu tun kafin a yi kogin Binuwai.

Yanzu ga kuza. A tan guda na dutsen ɓawon ƙasa, abin da ake samu na ƙarfen kuza kusan giram 2 ne kacal. Kafin ya taru har a wanke shi a kwano sai an tattara shi ninki ɗaruruwa, kuma sinadaran giranait irin na A kamar don wannan aikin aka yi su. Akwai sinadaran da ƙwayoyin farko ba sa karɓa, ko don girmansu ko don yanayin cajinsu: kuza, niyobiyam, tantalam, zakoniyam, yuraniyam, toriyam. Kowace ƙwaya ta daskare sai ta bar su a ruwa, su yi ta taruwa a ragowar. Abu biyu suka ƙara taimakawa a nan. Na ɗaya, narkakken dutsen ba shi da iskar oksijin sosai, shaidar haka kuwa ita ce wani ma'adini mai ƙarfe da ake kira fayalait da ake samu a zobban farko. A irin wannan yanayi kuza ba ta shiga ma'adinan ƙarfe ta ɓace da wuri. Na biyu, fulorin. Yana tsinka narkakken dutse ya rage masa kauri, yana kuma jinkirta daskarewarsa, don haka tacewar ta yi nisa fiye da yadda za ta yi a wani giranait.

A ƙarshe ɗan ruwan da ke ciki, wanda shi ma babu ƙwayar da ta karɓe shi, yakan ware ya zama tururi mai zafi da gishiri da fulorin, ya kwashi ƙarafan ya taru a saman tukunyar. Yana cin dutsen da ya riga ya daskare, ya canja shi, ya bi tsagogi ya zube kayansa. Jijiyar Riruwai mai kuza da tutiya haka ta samu. Tururin nan ne kuma ya ba mu tofaz da sauran duwatsun ado da ake cinikinsu a Jos.

Ga inda maganar Baba ta fito sarai. Ko a cikin sabon giranait ɗin, ba duka ke ba da kuza ba. Wanda sodiyam da fotasiyam suka rinjayi alminiyam a cikinsa, ana gane shi da wasu baƙaƙen allurai masu ɗan shuɗi, yana riƙe zakoniyam da niyobiyam da yawa, amma kuzarsa takan watse cikin waɗannan allurai ba ta taru ba. Irinsa ne a kwarin Kaffo na Riruwai, mai niyobiyam haɗe da yuraniyam. Mai ba da kuza da kolambait, ma'adinin da ake samun niyobiyam a cikinsa, shi ne wanda alminiyam ya ɗan rinjaya, mai baƙin ƙyalƙyali da ke ɓarewa falle-falle. Shi ya mamaye Jos da Bukur da Rop. Miliyoyin shekaru na damina suka ruɓar da samansa, ruwa ya tafi da mai sauƙi, kuza mai nauyin kusan ninki 7 na ruwa ta kwanta a gindin rafuka, alhali farin yashi bai kai ninki 3 ba. Mai wanki da kwano yana ƙarasa aikin da rafi ya fara ne.

Maƙeran Riruwai sun san wannan tun kafin zuwan Turawa, suna narkar da kuza su yi ta sili-sili su kai kasuwa, kuma bin sawun wannan haja ne ya kawo mutanen kamfanin Neja zuwa Filato a farkon shekarun 1900. Sauran labarin mun san shi: jirgin ƙasa daga Zariya, wutar lantarki ta Kurra, aikin tilas a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da rugujewar kasuwar kuza a 1985. Kolambait, wanda da farko ake zubarwa a matsayin datti, shi ya sa Najeriya ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da shi a shekarun 1950, har aka riƙa haƙar ruɓaɓɓen giranait ɗin Rayfield kai tsaye saboda shi.

Abin da ke damuna shi ne wannan ilimi ya tsaya a jami'a da ofisoshin binciken ma'adinai, bai isa bakin loto, wato ramin haƙar kuza, ba. Yanzu da ake rububin litiyam, na ga masu zuba kuɗi suna haƙa duk inda suka ga farin dutse. Litiyam ɗin da ake samu a Nasarawa da Kaduna da Kwara yawancinsa daga jijiyoyin tsohon giranait yake, na zamanin karo. Kuza da kolambait na Filato na sabon ne. Wanda ya iya bambanta su da ido, ya kuma duba taswirar da aka zana tun shekarun 1950 zuwa 1970, ya tsira da jarinsa, ya kuma bar wa manomi gonarsa ba rami.

Sannan tacewar da ta tara kuza ita ce ta tara toriyam da yuraniyam. Suna cikin wasu ma'adinai biyu, monazait da zakon, waɗanda suke kwanciya tare da kuza a kwano saboda su ma masu nauyi ne, sai a injin rarrabewa ake ware su. An auna tururin radiyeshan mai illa ga lafiya da waɗannan sinadarai ke fitarwa a tulin dattin wuraren sarrafa kuza a Jos da Bukur, an same shi sama da na sauran ƙasa nesa ba kusa ba. Duk da haka na sha ganin yara suna wasa a kan irin wannan tuli, ana ɗibarsa a yi yaɓe, ana jibge buhunan monazait a ɗakin da mutum ke kwana saboda yanzu ya yi kuɗi. Na'urar auna tururin nan ta hannu ce, ba ta fi girman waya ba. Ya kamata a ce kowane injin rarrabewa daga Bukur zuwa Barikin Ladi yana da guda, kuma ƙungiyoyin masu haƙa su riƙa yi wa mambobinsu bayani da Hausa da Birom a kan wane buhu ne za a ajiye a waje, wane yashi ne ba a kai shi gida.